Gyaran Shinge da Ihu Bayan Hari: Nazari a Kan Wani Karin Magana na Sinawa

1. Mafarin magana

A cikin darasin fassara na bara na ba ɗalibaina wata 'yar takarda su juya ta da Hausa. Asalinta da Sinanci aka rubuta ta, amma mu da Turanci ta zo hannunmu. Labarin wani gari ne da madatsar ruwa ta ɓalle masa, aka yi hasarar gidaje da gonaki. Marubucin ya roƙi hukuma ta duba sauran madatsun tun damina ba ta kewayo ba, sa'an nan ya rufe maganarsa da wani karin magana irin nasu. Wanda ya mai da takardar Turanci ya bar karin maganar kalma da kalma, watau gyaran shinge bayan ɓatan tunkiya.

Galibin ɗaliban, har da waɗanda suka fi gwaninta, suka rubuta "ihu bayan hari". Da na tambaye su dalili, sai suka ce ai sura ɗaya ce: ɓarna ta auku, kāna mutum ya tashi yana ɗawainiya. Hausarsu ba ta da aibi. Amma sun juya wa marubucin riga a baibai. Shi yana ƙarfafa zuciyar mutanensa su tashi su yi aiki, fassarar kuwa ta sa shi yana yi musu ba'a.

Wannan kuskure ba na yara kaɗai ba ne, kuma ba abu ne da za mu ce ya yi mana nisa ba. Tun 1963 a ke watsa shirye-shiryen Hausa daga Beijing, Nijeriya da ƙasar Sin kuma sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1971, maganar Sinawa tana ta shigowa cikin Hausa ta bakin masu fassara. Saboda haka na ga ya kamata in bi wannan karin magana tun daga tushensa, in aza shi kusa da namu, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

2. Kalmomin nan huɗu

Sinawa suna da wani irin zance da su ke kira chengyu. Galibinsa gaɓa huɗu ne rak, ba a ƙara masa, ba a rage masa, kuma da yawa daga cikinsa guntun wani tsohon labari ne da aka dunƙule. Wanda mu ke magana a kansa shi ne wang yang bu lao.

Wang aikatau ne. A Sinancin yau ya fi nufin mutuwa ko halaka, amma a tsohon harshe yana nufin ɓata, ko gudu, ko suɓucewa daga hannu. Ma'anar ta dā ita ce a nan. Yang suna ne da ya haɗa tunkiya da akuya, domin Sinanci bai raba su a wannan kalma ba sai an ƙara wata. Bu aikatau ne, ma'anarsa yin faci, ko toshe kafa, ko cike giɓi, kamar yadda a kan yi wa riga maho. Lao kuwa makwancin dabbobi ne da aka kewaye. Harafin da a ke rubuta shi da shi ma hoton sa ne a cikin rufi. Daga baya kalmar ta miƙe har ta ɗauki ma'anar kurkuku, da kuma abu mai ƙarfi wanda ba ya girgiza.

Mai karatu zai ga ginin jimlar a fili ya ke: aikatau da karɓau, sa'an nan aikatau da karɓau. Rasa tunkiya, gyara shinge. Babu mai aikatawa a ciki, babu lokaci, babu kuma kalmar da ta yi daidai da "bayan". Jerin kalmomin ne kurum ya nuna wanne ya riga wanne. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, mu ma mu kan ce "ta faru ta ƙare", ko mu kira tangaran "faɗi-ka-mutu", ba tare da mun sa wata mahaɗa a tsakani ba. Ta wajen sauti kuma, wang da yang suna amsa wa juna amo, dukansu da karin sauti mai hawa, abin da ya sa zancen ya ke da saurin zama a ka.

Abin lura shi ne, kalmomin huɗu ba su yanke hukunci ba. Ba su ce gyaran yana da amfani ba, ba su ce ba shi da shi ba. Hukuncin yana cikin labarin da aka yanko su daga gare shi, wanda kowane ɗan makaranta a can ya sani, ɗalibaina kuwa ba su sani ba.

3. Labarin da ke bayansa

Labarin yana cikin wani littafi da a ke kira Zhanguo Ce, watau dabarun ƙasashe masu yaƙi da juna. Wani malamin fada mai suna Liu Xiang ne ya tattara shi ya shirya shi a zamanin daular Han, a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Abubuwan da ya ƙunsa kuwa sun girme shi da shekaru ɗaruruwa, sa'ad da ƙasar ta ke rarrabe a hannun manyan sarakuna bakwai. Biyu daga cikin ƙasashen nan su ne Chu a kudu, da Qin a yamma. Wannan na biyun a kan furta shi kamar "Cin", masana da yawa kuma suna ganin daga gare shi ne sunan Sin ya samo asali.

Sarkin Chu a lokacin shi ne Qingxiang, wanda ya yi mulki daga shekara ta 298 zuwa ta 263 kafin Miladiyya. Yana da wani dattijon bafada mai suna Zhuang Xin. Wata rana dattijon ya ce wa sarki ya kewaye kansa da 'yan gaban goshi huɗu, biyu suna dama da hagunsa a fada, biyu suna bin keken dokinsa in ya fita, ba abin da a ke yi sai shagali da almubazzaranci, in aka ci gaba a haka babban birni zai shiga hatsari. Sarki ya ce masa ko dai tsufa ya fara taɓa shi, ko kuwa mugun baki ya ke yi wa ƙasa. Dattijo ya nemi izini ya koma ƙasar Zhao ya zauna, ya zuba ido.

Littafin ya ce wata biyar kaɗai ya yi can. A shekara ta 278 sarkin yaƙin Qin, Bai Qi, ya ci Ying, babban birnin Chu, wanda kufansa ya ke kusa da garin Jingzhou na yanzu, ya kuma ƙone makabartar sarakunan ƙasar. Sarki ya tsere arewa maso gabas. Daga inda ya ke gudun hijira ya aika aka ɗauko Zhuang Xin, ya amsa laifinsa a gabansa, ya tambaye shi abin yi.

A nan ne dattijon ya kawo maganar. Ya ce ya ji talakawa suna faɗin cewa wanda ya ga zomo kāna ya waiwayi karensa bai makara ba, haka wanda tunkiyarsa ta ɓata kāna ya gyara shinge lokaci bai ƙure masa ba. Ya tuna wa sarki cewa akwai sarakunan dā da suka kafa daula daga 'yar ƙasa ƙanƙanuwa, akwai kuma waɗanda duniya duka ta ke hannunsu suka rasa ta. Abin da ya rage na Chu, in aka haɗa shi wuri ɗaya, ya ninka abin da waɗancan na farko suka fara da shi sau da yawa.

Bai tsaya a lallashi ba. Ya ba sarki misalin mazari, yana shawagi yana shan raɓa, bai san yaro yana ɗana masa zare mai danƙo ba. Ya wuce ga ɗan tsuntsu mai tsince-tsince wanda 'ya'yan sarauta su ke auna shi, ya wuce ga babban tsuntsun ruwa wanda maharbi ya ke gyara wa kibiya, ya wuce ga wani ƙaramin sarki na ƙasar Cai da ya shagala har aka zo aka ɗaure shi. Daga nan sai ya ce na ƙarshe a jerin shi ne sarkin da ke zaune a gabansa. Aka ce fuskar sarki ta sāke, jikinsa ya ɗauki rawa. Ya ba dattijon sarauta, ya mai da gadon mulki garin Chen, bayan shekara biyu ya tara runduna ya ƙwato garuruwa 15 na bakin kogi. Chu ba ta koma ƙarfinta na dā ba, amma ta ƙara shekara 55 a tsaye, sai a 223 Qin ta haɗiye ta.

Abu uku za mu riƙe daga wannan labari. Na ɗaya, maganar ta talakawa ce tun kafin ta shiga littafi. Dattijon da kansa ya jingina ta ga bakin jama'a, kamar yadda mu kan ce "masu iya magana sun ce". Na biyu, wanda ya faɗe ta shi ne ya fi kowa ikon yin gori, gama shi ya yi gargaɗi aka ƙi ji, amma bai yi gorin ba. Na uku, hujjarsa duka a kan lissafin abin da ya rage ta ke.

4. Yadda marubuta suka yi aiki da shi

Da zamani ya yi nisa, sai aka yar da zomo da kare, aka yar da wutsiyar da ta ce ba a makara ba, aka bar gaɓa huɗu. Marubuci ya kan jefa su a tsakiyar zance ya wuce, ya san mai karatu zai cika sauran da kansa. Mu ma haka mu ke yi. In Bahaushe ya ce "gani ga wane", ko "in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta", ba lalle ne ya ƙarasa ba.

Cikin waɗanda suka sa shi a waƙa akwai Lu You, mashahurin mawaƙin daular Song, wanda ya rayu daga 1125 zuwa 1210 Miladiyya. Yana jinjiri mutanen Jin suka ci babban birnin Kaifeng a 1127, daular ta koma kudu, shi kuwa ya ƙare rayuwarsa yana kiran a koma a ƙwato arewa. A wata waƙarsa ta kaka ya gwama wannan karin magana da wani, na mutumin da miya mai zafi ta ƙona shi har ya koma yana hura abinci mai sanyi, ya nuna dukansu biyu hali ne da hankali ya yarda da shi. Wancan na biyun ɗan'uwan namu ne da mu ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A bakin mutumin da ƙasarsa ta rasa rabinta, gyaran shinge magana ce mai nauyi.

A makarantun firamare na ƙasar Sin kuma an yi wa karin maganar wata gajeriyar tatsuniya. Wani mutum ya tarar shingensa ya yi kafa, kyarkeci ya ɗauke tunkiya ɗaya. Maƙwabci ya ce masa ya toshe kafar, ya ce tunkiya ta riga ta tafi, me za a toshe. Da gari ya waye ya tarar an ɗauke ta biyu. Sai ya toshe, bai sāke rasa ko ɗaya ba. Amsar da mutumin nan ya ba maƙwabcinsa da fari, ita ce daidai da fassarar ɗalibaina, tatsuniyar kuwa don ƙaryata wannan amsa aka shirya ta.

A nan akwai wani bambanci na al'ada da ya kamata a ambata. Marubutanmu na Zariya, tun zamanin Hukumar Talifi, sun saba aza karin magana a bisa labari ya zama kansa, sa'an nan labarin ya warware shi. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya san haka. Watau mu karin magana ne ya kan haifi labari. A chengyu kuwa labari ne a ke matsewa har ya koma gaɓa huɗu, wanda bai san labarin ba ya ga ƙwanso ne kurum.

Gaskiya ita ce, a Sinancin yau a kan sami mai juya shi, ya liƙa masa wutsiyar da ta ce an riga an makara. Amma sai ya liƙa wutsiyar a fili kāna a fahimce shi haka. In gaɓoɓin huɗu suka zo su kaɗai, ma'anar asali a ke ɗauka. In Basine yana son ya yi wa mai makara ba'a, yana da wasu kalmomi dabam, kamar ma hou pao, wanda aka ɗauko daga darar ƙasarsu, ko kuwa wanda ya ke cewa rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita. Waɗannan su ne tsaran ihu bayan hari.

5. Ihu da hari a ƙasar Zazzau

To, mu komo gida. Wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan hari, ganuwa tana nan tana ba da shaida, ko da ya ke wurare da dama ta zube. Hari dabam ya ke da yaƙi. Yaƙi a kan yi shiri a fito fili a kara. Hari kuwa mahaya ne su kan faɗa wa ƙauye ko masu noma ko ayari ba zato, su kwashi mutane da dabbobi, su juya tun ba a farga ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ƙasar Zazzau ta sha irin wannan daga Ningawa ta gabas, ta sha daga Abuja ta kudu, a zamanin Sarki Kwasau kuma, wanda ya hau a 1897, Ibrahim Nagwamatse na Kontagora ya matsa mata ta yamma har zuwan Turawa a 1902.

Maganin hari shi ne labari ya riga mahara isowa. Wanda ya hango ƙura sai ya kwarma ihu, na gaba ya karɓa ya miƙa, manoma su yar da fartanya su nufi ƙofa mafi kusa, ko Ƙofar Gayan ce, ko Kuyambana, ko Doka, ko Kona, masu tsaron ƙofa su rufe. An ma yi ganuwar da faɗi har ta haɗa da fili na noma, domin waɗanda suka shigo su sami abin rayuwa. Ashe ihu a wancan zamani aiki ne, aikin kuwa yana da ƙayyadadden lokaci. Kafin hari yana tsirar da rai. A tsakiyar hari yana kawo gudummawa. Da mahara sun ɓace, ya zama iska.

Mu duba ginin zancen kuma. "Ihu bayan hari" ba shi da aikatau ko ɗaya. Suna ne, da "bayan", da wani suna. Saboda haka ba ya umurni, ba ya ba da shawara. Laƙabi ne da a ke liƙa wa aikin wani: "wannan ai ihu bayan hari ne". Nauyinsa duka a kan kalmar "bayan" ya ke, kalmar da mun ga babu ita sam a cikin na Sinawa. Mai faɗinsa kuma galibi ɗan kallo ne, ko wanda aka yi wa hasara yana mai da martani ga wanda ya zo a makare da ɗokinsa. Yana da 'yan'uwa da yawa a harshenmu: fargar jaji, da "da na sani ƙeya ce", da "ba a fafe gora ranar tafiya".

6. Inda suka rabu

In muka aza su kafaɗa da kafaɗa za mu ga rabuwarsu ta fuska uku.

Ta fuskar abin da aka yi, ɗaya ihu ne, ɗaya gyara ne. Ihu da an rufe baki ya ƙare. Shinge kuwa in an gyara shi yau, gobe da dare yana nan.

Ta fuskar lokaci, ihu yana duban harin da ya wuce, gyara yana duban daren da ke zuwa. Kyarkecin da ya sami kafa zai komo, domin ya san hanya. Mu ma mun san wannan, shi ya sa mu ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga.

Ta fuskar abin da ya rage, a nan ne gindin maganar ya ke. Ba wanda zai gyara shingen da ba kome a cikinsa. Kalmar lao da kanta tana ɗauke da sauran garken, ko da ba a ambace su ba. A cikin ihu bayan hari kuwa ba a nuna mana wani abu da ya saura. Hausa ma tana da karin maganar da ya kai wannan sura matuƙa: ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Mai dami ɗaya in an sace, gyaran rumbu ba ya yi masa kome. Mai dami goma da aka sace wa ɗaya, in ya ce ta faru ta ƙare ya kwanta, shi ya ba da sauran taran.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa Sinawa mutane ne masu fata, Hausawa kuwa masu yanke ƙauna. Karin magana ɗaya ba ya auna halin al'umma. Mun ga su ma suna da nasu na ba'a, mu kuma muna da "in da rai da rabo". Tarihin Zazzau ma ya isa shaida. Sa'ad da jama'ar Malam Musa suka ci birnin nan a zamanin jihadi, a 1808 bisa lissafin galibin masana, Sarki Makau yana bayan gari. Malam Hassan da Malam Shu'aibu, marubutan tarihin Abuja, sun ce a filin Idi abin ya same shi, bai sami komawa cikin birni ba. Ya yi kudu da waɗanda suka bi shi, ya zauna wajen Zuba, ya rasu a yaƙin Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya kafa gari a 1828, ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ɗauki sunansa, bai kuwa ciwu ba har zuwan Turawa. Shi ne ya koma Suleja bayan da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja, sarkinsa kuma har yanzu Sarkin Zazzau a ke kiransa. Ba hukuncin wancan yaƙi ne ya dame mu a nan ba. Abin da mu ke nunawa shi ne, da Basine zai karanta wannan tarihi, da ya ga Ying da Chen a cikinsa. Aikin mun san shi, sunansa ne ba mu dunƙule a gaɓa huɗu ba.

7. Abin da ya sa bambancin ya ke da nauyi

Wani zai ce wannan duk wasan malamai ne da kalmomi. Ga abin da ya sa ban ɗauke shi haka ba. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Masallacin nan tun wajen shekarun 1830 Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi, a zamanin Sarki Abdulkarimu, yana kuma cikin gine-ginen ƙasa da aka fi sani a Afirka ta Yamma. Bayan abin ya faru, da aka fara maganar a duba sauran tsofaffin gine-gine, na ji da kunnena mutane suna cewa ihu bayan hari ne.

Ga waɗanda suka rasu, Allah ya ji ƙansu, maganar gaskiya ce, ba gyaran da zai komo da su. Amma birnin nan ba mai dami ɗaya ba ne. Akwai soraye da zauruka da masallatan unguwa na ƙasa da azara waɗanda mutane su ke kwana, su ke salla, su ke karatu a ƙarƙashinsu, ginin ƙasa kuwa kowa ya san in ba a bi shi da yaɓe ba damina tana cinsa kaɗan kaɗan. Wanda ya ce ihu bayan hari a irin wannan wuri ya faɗi magana mai daɗin faɗi, ya kuma sanyaya guiwar mai niyyar ɗaukar tsani ya hau ya duba rufi. Karin magana yana da kwarjini a wurinmu, in aka jefa shi a taro sau da yawa ya kan rufe bakin kowa. Don haka wanda ya jefa wanda bai dace ba ya yi ɓarna fiye da wanda ya faɗi kuskure da magana tsurarta.

8. Shawara ga mai fassara

Da muka koma kan takardar a aji, mun gwada waɗansu karin magana namu mu ga ko akwai wanda zai zauna daram. "Rigakafi ya fi magani" gaskiya ne, amma kafin hasara a ke faɗinsa. "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba" ya zo kusa, gama akwai gyara a ciki, akwai kuma nasiha, sai dai kayan ba su faɗi ba tukuna. "Allah ya kiyaye gaba" yana duban gaba kamar yadda a ke so, amma addu'a ce ta jaje, ba ta ce wa kowa ya tashi ba. "Da babu gara ba daɗi" kuwa haƙuri ne da ɗan abin da aka samu.

Tun da ya ke ba mu sami na gado ba, hanya biyu ta rage. Ko dai a bar surar a faɗi ma'ana a sarari, a ce har yanzu ba a makara ba. Ko kuwa a riƙe surar, a fito da abin da Basine ya bari a ɓoye domin ya san mai karatunsa ya sani. Ni wannan ta biyun na fi so, ga kuma yadda muka daidaita a kai: "In tunkiya ɗaya ta ɓata, a gyara shinge don sauran." Kalmar "ɗaya" da kalmar "sauran" babu su a cikin asalin, amma su ne su ke tsare ma'anar, in aka cire su Bahaushe zai sāke jin ba'a.

Ka'idar da zan bar wa mai fassara ita ce, kamannin sura ba ya isa hujja. Kafin ya musanya karin magana da karin magana, ya tambayi kansa wa ke faɗinsa, wa a ke faɗa wa, kuma me a ke so mai ji ya yi bayan ya ji. In amsoshin sun yi daidai a harsunan biyu, ya musanya. In sun saɓa, ya haƙura da adon, ya faɗi ma'ana. Wannan ya shafi abin da ke zuwa mana daga Larabci da Turanci da Faransanci kamar yadda ya shafi na Sinanci, sai dai na Sinanci ya fi saurin yaudara, domin gajarta tasa da kuma labarin da ya ke ɓoye a bayansa.

Ina fata waɗanda suka fi ni sanin zantukan dattawan birni da na ƙauyukan Zazzau za su bincika mana. Mai yiwuwa ne a bakin makiyaya ko magina akwai karin maganar da ya ke faɗin wannan ma'ana da Hausa tsantsa, wanda bai shiga littattafan da aka tattara ba. In an same shi, sai mu ajiye namu ƙirƙirarren mu ɗauki na gado.